So Duka So Ne? Kalmomin Turanci na Karkata da Fifiko a Ajin Ɗan Ƙaraye da 'Yar Rogo

A takardar Turanci ta jarrabawar WAEC da ta NECO akwai wani sashe da ɗalibai ke yi wa kallon garaɓasa, alhali a nan ne maki ke zubewa ba a ji ƙararsa ba. Za a ba ka jimla, a ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya, a jero maka wasu huɗu ko biyar, a ce zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. A lura, ba a ce wadda take daidai da ita ba. Mai tsara tambayar ya san biyu ko uku daga cikin waɗanda ya jero ma'anarsu ta yi kusa ƙwarai, kuma abin da yake nema shi ne ko yaro zai iya raba su. Jarrabawar JAMB ma haka take yi. Tun da kuwa ba a shiga jami'a a Najeriya sai da kiredit a Turanci, ɗan Ƙaraye da 'yar Rogo da ke zana jarrabawa a farkon damina, iyayensu na can gona suna shuka, makomarsu na iya rataya a kan irin waɗannan tambayoyi.

Cikin kalmomin da ke kayar da yara, na son abu da karkata gare shi suna sahun gaba. Turanci ya tara su jingim: “like”, “love”, “want”, “prefer”, “tendency”, “inclination”, “propensity”, “proclivity”, “penchant”, “predilection”, “partiality”, “bias”, ga su nan dai. Na taɓa zama a bayan wani aji na sakandare a ƙasar Rogo, ana darasin yamma na shirin kwalifayin, jarrabawar nan da gwamnatin Kano ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita da ita. Malamin matashi ne mai himma, allin da ke hannunsa ma da kuɗinsa ya saya. Ya ja layi ya raba allo biyu, ya jera kalmomin a hagu, a dama kuma ya shiga rubuta fassara. Ta farko, so. Ta biyu, so. Ta uku, son abu. Da ya zo ta huɗu sai ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya rubuta sha'awa, sannan ya koma wa so. Yara suka kwafe tsaf. Sai wata yarinya a layin gaba ta gyara hijabinta ta ɗaga hannu.

“Malam, to in duk so ne, idan suka fito tare a tambaya ɗaya, wacce za mu ɗauka?”

“Ki maimaita jimlar a ranki,” in ji shi. “Wadda kika ji ta fi zama, ita ce.”

Shawara ce mai kyau ga wanda kunnensa ya ƙoshi da Turanci tun yana goye. Ga yarinyar da ba ta jin Turanci sai a aji, kunnen ba shi da ma'aunin da zai auna da shi. Canki-canka kawai aka tura ta yi.

Ban ga laifin malamin ba don ya yi bayani da Hausa. Da da Turanci zalla ya yi, ko tambayar ma ba za ta fito ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, Hausar da ya rubuta a allo ta gaza wadda yarinyar ta taho da ita daga gida. Manomin Rogo ba zai yarda ka zuba masa gero da maiwa da kaura da farafara a buhu ɗaya ka ce ai duk hatsi ne ba, amma haka muke yi wa kalmomi a aji, kuma ba mai ɗaga gira. Kusan duk wani bambanci da Bature ya yi tsakanin waɗannan kalmomi, Bahaushe ya riga ya yi irinsa. Sai dai ba kullum yake ajiye shi inda Bature ya ajiye nasa ba: wani yana cikin kalma, wani cikin nahawu, wani kuma a karin magana.

A fara da shi kansa so ɗin. Gaskiya ce a bakin Bahaushe kalma ce mai faɗi. Ina son ruwa, ina son fura, ina son Inna, duk da baki ɗaya ake faɗarsu. Bature ya raba uku. “Want” buƙatar yanzu ce. “Like” daɗin da mutum ke ji da abu a kullum. “Love” kuwa ƙauna. Yaron da ƙishirwa ta kama ya ce “I like water” labarin halinsa ya bayar, ba wanda zai miƙo masa moɗa. Amma faɗin so bai hana Hausa yin tsifa ba idan ta ga dama. Akwai bege, kuma ba a begen abin da ke gabanka. Akwai marmari, na abin da aka daɗe ba a samu ba, kamar ɗanyar masara a ƙarshen rani. Akwai ɗoki, na sabon abu, wanda kan huce bayan kwana biyu. Akwai kwaɗayi, wanda da jin sa ka san zargi ne, shi ya sa aka ce da shi mabuɗin wahala. Yaro ɗan shekara goma a Zarewa ta ƙasar Rogo ba zai taɓa cewa kakarsa tana kwaɗayin zuwa Makka ba, ya san buri ake cewa. Ba wanda ya koya masa wannan a allo.

“Prefer” daban take da duk waɗannan, domin ba ta tsayawa da abu ɗaya. Asalinta Latin ne, ma'anarta ɗaukar abu a sa shi gaba da wani. Duk inda ta fito, akwai abu biyu a faifai, ko da ba a ambaci na biyun ba. Hausa da “fi” take wannan aiki, kuma karin maganar nan da kowa ya sani ta haɗa darasin gaba ɗaya: so duka so ne, amma son kai ya fi. Rabin farko “like” ne, rabi na biyu “prefer”. Daga nan ne kuma wani kuskure da masu makin jarrabawa suka gaji da gani yake tasowa. An koya wa yaro tun firamare cewa duk inda Hausa ta ce “fi”, Turanci “than” yake kawowa. Don haka idan zai ce ya fi son shayi a kan koko, sai ya liƙa wa “prefer” wannan “than” ɗin, alhali “to” take ɗauka. Yaron bai yi shirme ba, ƙa'idar da aka ba shi ya bi har inda ta jefa shi rami. Minti biyar na kwatanta jimlar Hausa da ta Turanci a allo ya isa ya kashe wannan kuskure, amma sai a bar shi da jan biro shekara shida.

Akwai kuma fifikon da babu so a cikinsa ko kaɗan, kuma a nan Hausa ta fi Turanci fayyacewa. Gara da gwamma kenan. Direban da ya ce gara ya kwana a tasha da ya bi hanyar nan da dare, ba son kwanan tasha yake ba. An ajiye masa wahala biyu ne ya ɗauki mai dama-dama. Da babu gara ba daɗi. A Turanci “would rather” ce ta fi kusa da wannan, ko da yake Turawa sukan yi amfani da ita har a zaɓin daɗi. Malamin da ya gaya wa aji cewa “prefer” na fi so ce, “would rather” kuma sau da yawa gara ce, ya ba su abin da za su riƙe har tsufa.

Wanda ke son ganin nisan da ke tsakanin yarda da so da fifiko, ba sai ya bar ƙasar Rogo ba. A Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, Baba ta tashi, wadda aka haifa wajen 1877. Da tsufanta, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, labarin rayuwarta da Hausa tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a Landan a 1954, da sunan Baba of Karo, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Aurenta na fari na zumunci ne, da ɗan'uwanta Duma. Ta shiga ɗakinsa ne don iyaye, alhali akwai Malam Maigari da ke nemanta, wanda daga baya, bayan ta rabu da Duma, shi ta aura. Duba matakan da ke cikin wannan ɗan labari. Ta yarda da Duma. Yardar ba ta zama so ba. Kuma tun farko akwai wanda ta fi so. Da mai fassarar kalma ɗaya tak take da ita ta zuba wa duka ukun, da labarin ya mutu a hannunta.

Har gobe haka abin yake a gidajenmu. Idan magana ta taso, uba ba ya tambayar 'yarsa da kansa, gwaggo ake turawa. Gwaggo ta ja ta ɗaki ta ce, “Ke 'yar nan, gaya mini tsakani da Allah, kina son sa?” Yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. In ta ce “Duk abin da Baba ya ce,” wannan biyayya ce. In ta ce “Ni ba na ƙin sa,” an matsa gaba kaɗan. In ta rufe fuska da tafin hannu ta ruga waje, an gama magana. Gwaggon da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta haɗa waɗannan amsoshi uku ta kai wa ƙanenta a matsayin abu ɗaya ba. Su ne kuwa Bature ke rabawa da “consent” da “not mind” da “be fond of”. Abin takaici ne a ce 'ya'yan Zarewa na yau, da suka gaji wannan kunne, a zaunar da su a benci a ce musu duk so ne.

Sai rukuni na biyu, wanda ma ba na so ba ne, an dai tura shi gidan so ne bisa kuskure. “Tend” da “tendency” ba sa buƙatar zuciya. Ruwan dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye, yakan ja baya da bazara. Farashin rake yakan sauka idan ana tsakiyar sara. Ruwa ba ya son komai, rake ma haka. Abin da ake nufi shi ne yadda abu ya saba kasancewa, ba kullum ba, amma galibi. Hausa ba ta ma wahalar da kanta da neman suna a nan ba, a cikin nahawu ta dasa shi: nakan, yakan, takan, sukan. Wannan “kan” ɗin ita ce “tend to”, ita ce kuma “usually”. Da yake ba a nuna wa yara haka ba, sai suka nemo mata “used to”, wadda a Turanci ke nufin abin da ake yi a da aka daina. Shi ya sa za ka ga yaro mai tarbiyya, yana son ya ce yakan yi salla biyar a jam'i, ya rubuta a takardar insha'i abin da ke nufin a da yana salla, yanzu ya bari.

“Inclination” kuwa da zuciya take, amma zuciyar da ba ta yanke ba tukuna. Asalin kalmar lanƙwasawa ne. Ita ce hankalina ya karkata, raina ya fi kwantawa da kaza, ina jin kamar in yi. Ba ta kai niyya ba, balle ƙuduri. Idan Bature ya ce shi “inclined to agree” ne, daidai yake da dattijon da ya ce, “To, ina ganin kamar da gaskiyarka.” Ya bar wa kansa ƙofar fita.

Me ya sa Turanci ya tara kalmomi haka a kan abu guda? Tarihi ne. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu tsawon ƙarnoni, talakawa na ci gaba da tsohon Turancinsu. Daga baya malaman ƙarni na 16 zuwa na 18 suka riƙa kwaso kalmomi kai tsaye daga Latin da Faransanci suna zubawa a rubutu. Sai harshen ya zama hawa-hawa. “Like” da “love” da “lean” na ƙasa ne, na gida da kasuwa. Dogayen nan masu wuyar faɗa na littafi ne da jarida da gaban alƙali. Su ne kuma masu tsara jarrabawa suka fi so, don sun san yaro bai taɓa jin su a bakin kowa ba.

A ɗauki “proclivity”. A Latin daga gangare ta fito, kuma har yau gangaren take bi: galibi karkata ce zuwa abin da ba a yabawa, caca, ƙarya, neman faɗa, abin kunya. Hausa na da takwararta cif, wato cika da faye. Ya cika faɗa. Ta faye gulma. Ko haƙuri ka ce mutum ya faye, ka soke shi ne a fakaice, kana nufin ya yi yawa har ana taka shi. Yaron da aka gaya wa cewa “proclivity” 'yar'uwar “ya faye” ce ba zai taɓa ɗora ta a kan limamin garinsu da niyyar yabo ba.

“Propensity” ta fi kusa da hali, wanda aka ce zanen dutse ne: abin da ke cikin jini, mai wuyar tanƙwarawa. Takan zo da zargi, amma ba dole ba, kuma masana na amfani da ita ba yabo ba fallasa. Ɗaliban ajin tattalin arziki suna haɗuwa da ita a “marginal propensity to consume”, wadda ta yaɗu daga littafin John Maynard Keynes na 1936. Abin da ake nufi shi ne, idan kuɗin shigar mutum ya ƙaru da naira ɗari, nawa daga ciki zai kashe, nawa zai ajiye. Ka fassara wa yaro wannan da son cin abinci, ka ga inda darasi zai dosa.

“Penchant” Bafaranshiya ce, kuma ta fi sauran fara'a. So ne mai ƙarfi da ya fito fili har aka san mutum da shi, irin wanda ake faɗa ana murmushi: alhajin da ba ya fita sai da babbar riga mai aska takwas ko da rana na narka kwalta, ɗan siyasar da in ya karɓi lasifika sai an yi kiran salla. Mu mukan ce mayen shayi ne, ko wane ba ya wasa da ƙwallo. 'Yan jarida na son ta don tana ba su damar yin zambo cikin ladabi. “Predilection” kuma son da ya riga ya zauna tun kafin a kawo zaɓi, irin na wanda ya tashi da tuwon dawa miyar kuka, ko me aka jera masa a liyafa idonsa na can. Ba zan ce tsakanin waɗannan huɗu katanga ce ba. Su kansu Turawa sukan cakuɗa su a magana, kuma akwai jimlolin da biyu za su zauna lafiya. Amma mai jarrabawa ba irin waɗannan jimloli yake zaɓowa ba. Yakan saka alama a ciki, ko ta zargi, ko ta raha, ko ɗan ƙaramin harafin da ke bin kalmar, domin “penchant” da “for” take tafiya, “propensity” kuma takan ɗauki “to”. Wanda aka koya wa neman alamar zai gan ta.

Wannan hawa-hawa na Turanci bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba, don nasa harshen ma haka yake. A ƙasa akwai so da ƙauna da bege da marmari. A sama akwai waɗanda suka shigo ta hannun malamai daga Larabci: sha'awa, shauƙi, muradi, ra'ayi, niyya, ɗabi'a, al'ada, har da shi kansa hali. Wasu sun sauya a hanya. Sha'awa a Larabci ta fi karkata ga buƙatar jiki, amma da ta zo Hausa sai ta huce, har a ce ginin masallaci ya yi ban sha'awa, ko da yake a bakin mai wa'azi takan koma wa zafinta na asali. Sannan duk yaron da ya zauna a Islamiyya ya san hukunci biyar ne: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi, haram. Mustahabbi abin da aka fi so a yi, in an bari ba zunubi. Makaruhi abin da aka fi so a bari, in an yi ba azaba. Wannan ai darasin fifiko ne tsantsa, mai matakai, kuma yara na riƙe shi ba gargada. Dalili kuwa shi ne yadda ake koyar da shi. Malamin zaure da ke biya Ahalari ko Ishmawi ko Risala, idan ya zo kalmar da ba ta da abokiya a Hausa, ba ya jefa mata ta kusa ya wuce. Yakan ajiye littafi ya kawo misali, ya ce kamar a ce mutum ya yi kaza, sai almajiri ya gyaɗa kai.

Larabawa ma fanni guda suka ware wa wannan aiki. Abu Hilal al-Askari, malamin ƙarni na 10, ya rubuta littafin Al-Furuƙ don kawai ya nuna bambancin kalmomin da ake zaton ɗaya ne. Turawa na da iri biyu. George Crabb ya fitar da nasa a 1816, yana ɗaukar kalmomi makusanta yana warware abin da ya raba su. Peter Mark Roget, wanda likita ne, ya fitar da nasa a 1852, shi kuma tarawa ya yi, ya jera duk masu kama da juna a wuri ɗaya ba bayani, don marubucin da ya riga ya san harshen ya tuna wadda ta ɓace masa. Jerin da muke rubuta wa yara a allo na gidan Roget ne. Mun ɗauki kayan aikin gwani mun miƙa wa ɗan koyo.

Akwai rukuni na ƙarshe da ya wuce batun jarrabawa, don shi kan haddasa faɗa. “Preference” haƙƙin kowa ne. “Bias” laifi ne, wato karkatar da ta hana adalci. “Prejudice” a asalinta yanke hukunci ne kafin a saurara. “Partiality” tana cin tudu biyu: a kan abinci so ne marar laifi, a kan kujerar shari'a zalunci ne. Hausa a nan ba ta da na biyu: ra'ayi daban, son rai daban, son kai daban, son zuciya daban, ɓangaranci daban. Mutanen Ƙaraye da Rogo sun sha amfani da su duka a 'yan shekarun nan. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiri sababbin masarautu huɗu, har da ta Ƙaraye. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, a watan Yuli kuma aka dawo da Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Ba hukunci na zo yankewa a kan wannan ba. Amma duk wanda ya zauna majalisar dare a lokacin ya ji yadda ake auna kalma. Wani ya ce shi ra'ayinsa kenan, a ƙyale shi. Wani ya ce masa a'a, son rai ne, sai murya ta tashi. Wani ya ce gara wannan da babu. Wani kuma a ce rabu da shi, ɗan gani-kashe-ni ne. Alƙali na iya samun ra'ayi, amma ranar da aka ce ya yi son rai, an taɓa kujerarsa. Mai fassara labarai a rediyo da ya mayar da “bias” ra'ayi ya wanke wanda ake zargi, wanda kuma ya mayar da “preference” son rai ya ɗora wa mutum laifin da ba a ce ya yi ba.

Duk wannan ya ratsa ta cikin muhawarar da aka daɗe ana yi kan harshen koyarwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A ƙarshen 2022, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, aka amince a miƙa shi har aji shida. A watan Nuwambar 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe, bisa hujjar faɗuwar jarrabawa. Masu kare harshen uwa sukan kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ni a ganina, ko wace takarda aka sa wa hannu a Abuja, malamin da ke gaban yara a Fulatan ko Yammedi da Hausa zai yi bayani idan ya ga ido ya yi zuru-zuru, don ba shi da wata hanya. Abin da ya rage shi ne wace irin Hausa: ta kalma ɗaya a gefen allo, ko cikakkiya mai misali. Dokar da ta sa malami ya riƙa yin Hausar a ɓoye, kamar mai satar hanya, ta farkon za ta haifar, domin ba wanda zai horar da shi a kan abin da aka ce kada ya yi.

Kayan aiki kuwa akwai su. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin Hausa makusanta da ya jera ƙarƙashin juna. Neil Skinner ya yi na Turanci zuwa Hausa a 1965. Na Roxana Ma Newman na 1990 yakan raba ma'anonin kalmar Turanci ya ba kowace tata Hausar. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, Hausa zalla. Sai dai waɗannan a ɗakunan karatu na birni suke kwana. Abin da ke aljihun malamin ƙauye da ɗalibinsa waya ce, manhajar fassara kuma kalma take miƙo maka, ba ta ce maka wannan zagi ce, waccan raha.

Kirana ga Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da malaman kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, inda ake yaye masu haɗa Turanci da Hausa, shi ne su zauna su fitar da ɗan littafi mai araha, bayaninsa da Hausa, a kan kalmomin Turanci makusanta da ke yawan fitowa a jarrabawa. Kowace kalma a faɗi ko yabo ce ko suka, ta baki ce ko ta takarda, da ƙaramin harafin da ke bin ta, da jimlar Hausa da ta yi daidai da ita. Gwamnatin Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ta buga shi ta raba wa makarantu, a fara da na nesa da birni irin na Ƙaraye da Rogo. Kafin nan, malam, gobe idan ka zo rubuta fassara a dama da allo, dakata da allin, ka karanta wa yara jimlar, ka tambaye su yadda za a faɗe ta a gidansu.